Farantin Peltier: Yana Daskarar Da Ruwa, Me Ya Hana Shi Sanyaya Kwamfutar Zamani?

Duk mai yawan kallon bidiyoyin ƙere-ƙere a YouTube ko TikTok da wuya a ce bai taɓa cin karo da shi ba. Wani ɗan farin faranti ne mai kusurwa huɗu, girmansa bai wuce kwalin ashana ba, da wayoyi biyu a jikinsa, ja da baƙa. Sai a jona shi da batir, a ɗiga masa ruwa, kafin a ankara ruwan ya zama ƙanƙara. Ba kwamfireso, ba gas, ba ƙara, babu abin da ke motsi a cikinsa.

Wanda ya kalli wannan a watan Afrilu a Kano, Sakkwato ko Maiduguri, lokacin da zafi ke haura digiri 40, fankar kwamfutarsa kuma tana kuka kamar injin markaɗe, tunani ɗaya zai zo masa: me zai hana a manna wannan farantin a kan firosesa a huta? Ba shi ne farkon wanda ya yi wannan tunani ba. Masu harhaɗa kwamfuta sun fi shekara 25 suna gwadawa, kamfanin Intel ma da kansa ya shiga harkar a 2020, ya kuma fice a 2023. Kafin mutum ya kashe kuɗinsa, ko ya jefa kwamfutarsa cikin haɗari, ya kamata ya san abin da farantin ke iyawa da inda ƙarfinsa ya tsaya.

Asalin abin

Sunan farantin ya samo asali ne daga Jean Charles Athanase Peltier, wani Bafaranshe da ya fara da sana'ar agogo kafin ya koma binciken kimiyya. A 1834 ya lura cewa idan aka haɗa bakin ƙarafa biyu mabambanta aka tura musu lantarki, mahaɗar tasu tana yin zafi ko sanyi, gwargwadon inda wutar ta fuskanta. Shekara 13 kafin nan, a 1821, Thomas Seebeck ya gano ɗaya ɓangaren lamarin, wato bambancin zafi tsakanin mahaɗa biyu yana haifar da lantarki. A 1838 kuma Emil Lenz, a birnin St. Petersburg na Rasha, ya ɗora ɗigon ruwa a kan mahaɗar wasu ƙarafa biyu ya daskarar da shi, ya juya wutar ya narkar da shi. Ke nan abin da ake nunawa a bidiyo yau, an yi shi kusan shekara 190 da suka wuce.

Sai dai ƙarafa zalla ba sa bayar da sanyin kirki, don haka abin ya zauna a ɗakunan gwaji fiye da ƙarni guda. A shekarun 1950 ne aka samu mafita da sinadaran semikondakta, ta hanyar aikin Abram Ioffe a Tarayyar Sobiyet da na Julian Goldsmid a Ingila, wanda a 1954 ya nuna amfanin sinadarin bismut telurayid wajen sanyaya abu. Har yau wannan sinadarin ne a cikin kusan duk farantin da ake sayarwa.

Abin da ke cikinsa

Idan aka fasa farantin, za a tarar da ƙananan ginshiƙai jere a tsakanin allunan tangaram biyu. Ginshiƙan iri biyu ne, ana kiransu nau'in N da nau'in P, an jona su bi da bi da ƙananan faifan jan ƙarfe. Idan wuta ta ratsa su, sai ta riƙa kwasar zafi daga allo ɗaya tana kai shi ɗaya allon. Gefe ɗaya ya yi sanyi, ɗayan ya ɗau zafi. Idan aka musanya ja da baƙar waya, gefen sanyin ya koma na zafi.

Wanda ya fi yawa a kasuwa shi ne mai lamba TEC1-12706. Lambar tana da ma'ana: 127 na nufin ginshiƙai biyu-biyu har sau 127, 06 kuma na nufin iyakar wutar da yake ɗauka amfiya 6 ce. Faɗinsa milimita 40 ne ta kowane gefe, ana kuma yawan ba shi bolt 12.

A nan ne mutane da yawa ke yin kuskuren fahimta. Farantin ba ya ƙirƙirar sanyi, famfo ne na zafi. Misalinsa kamar mai kwashe ruwa da bokiti daga tsakar gidan da ya cika da ruwan sama, yana watsawa ta saman katanga. Ruwan bai ɓace ba, waje ya koma. Idan katangar ta ƙara tsawo, bokitan da zai iya jefawa za su ragu. Idan waje ya cika, ruwan zai dawo ta rariya. Haka farantin yake. Duk lokacin da tazarar zafi tsakanin gefunansa biyu ta ƙaru, aikinsa yana raguwa, kuma wani ɓangare na zafin da ya tura yana sulalowa baya ta cikin ginshiƙan. Sannan akwai ƙari: duk wutar da farantin ya sha, ita ma zafi take komawa, a gefen zafin take taruwa.

Me ya sa ake kwaɗayinsa?

Dalilin mai ƙarfi ne. Fanka da ƙarfen zuƙar zafi, kai har ma da na'urar sanyaya ta ruwa mai lagireto, duk ba za su iya saukar da firosesa ƙasa da zafin iskar ɗakin da suke ciki ba. Iskar ɗakin suke amfani da ita wajen kwashe zafin. Masu gwada na'urori a Turai da Amurka galibi suna yin gwajinsu ne a ɗaki mai digiri 21 zuwa 25. Idan aka kawo wannan na'urar ɗakin da ya kai digiri 40, firosesar za ta ƙara zafi da kusan digiri 15 zuwa 20 a kan abin da aka gani a bidiyon gwajin. Ita kuwa firosesa tana da iyaka. Yawancin na Intel na kwamfutar tebur suna fara rage gudu da kansu idan sun kai digiri 100, jerin Ryzen 7000 na AMD kuma a digiri 95. A nan ne gem ke fara sarƙewa, ko haɗa bidiyo ya riƙa jan ƙafa.

Farantin Peltier yana iya abin da fanka ba ta iyawa, wato sauka ƙasa da zafin ɗaki. Wannan shi ne abin jan hankalin.

Lissafin da ke ɓata shiri

A takardar bayanan TEC1-12706 akwai lambobi biyu masu ruɗar mai saye. Ta farko ita ce yawan zafin da yake iya kwashewa, kimanin wat 50 zuwa 60. Ta biyu ita ce tazarar da yake iya samarwa tsakanin gefunansa, kimanin digiri 66 zuwa 70. Abin da tallar ba ta faɗa shi ne ba a samun biyun a lokaci guda. Ana samun tazarar digiri 66 ne idan babu wani abu mai fitar da zafi a gefen sanyin, kamar ɗigon ruwan nan na bidiyo. Ana kuma samun wat 60 ne idan tazarar ta zama sifili, wato babu wani sanyi da aka samu. A tsakiya, idan aka ɗora masa abu mai fitar da wat 30, tazarar da za a samu ba za ta wuce rabin ta farko ba, kusan digiri 33.

To ina firosesa ta tsaya a wannan ma'auni? Core i9-10900K na Intel an rubuta mata wat 125, amma tana iya kaiwa 250 idan aiki ya yi nauyi. Core i9-13900K tana kaiwa wat 253. Matsakaitan firosesoshi ma da yawa wat 65 ne. Idan aka ɗora faranti mai wat 60 a kan firosesa mai wat 125, zafin da ke shigowa ya ninka wanda yake iya fitarwa. Sai farantin ya zama bargo tsakanin firosesar da ƙarfen da ke sanyaya ta, domin sinadarin da ke cikinsa da gangan aka zaɓe shi saboda ba ya barin zafi ya ratsa shi cikin sauƙi. Sakamakon ya fi a ce ba a saka komai ba muni.

Sai a ce to a sayi babban faranti, ko a jera da yawa. Ana iya yi, amma ga kuɗin da za a biya. Idan ana son tazara mai ma'ana, farantin yakan sha wutar da ta kai, ko ta wuce, yawan zafin da yake kwashewa. Ke nan firosesa mai wat 200 tana buƙatar farantai masu shan kusan wani wat 200, lagireton da ke bayansu kuma dole ya fitar da wat 400. Firij da na'urar sanyaya ɗaki masu kwamfireso sun fi shi nesa ba kusa ba. Na'urar sanyaya ɗaki takan kwashe zafin da ya ninka wutar da ta sha kusan sau uku.

Lokacin da ya yi tashe

Akwai zamanin da lissafin ya yi daidai. A ƙarshen shekarun 1990, masu sha'awar tura firosesa ta wuce gudun da kamfani ya ƙayyade mata sun rungumi farantin Peltier. A lokacin, firosesa irin Celeron 300A da ta fito a 1998, wadda ta shahara saboda ana iya ɗaga ta daga megahaz 300 zuwa 450, zafinta bai wuce wat 20 ba a gudunta na asali. Faranti ɗaya ya ishe ta har da saura.

Da firosesoshi suka ƙara cin wuta, kamfanoni suka shiga neman dabaru. CoolIT Systems na Kanada ya fitar da Freezone a 2006, inda aka daina manna farantin kai tsaye a kan firosesa, aka yi amfani da farantai da dama wajen sanyaya ruwan da ke zagayawa. Cooler Master ya fitar da V10 a 2009, ƙatuwar na'urar iska mai faranti a ciki wanda ke tashi idan zafi ya yi yawa. Phononic na Amurka ya gwada tasa mai suna HEX 2.0 a 2016. Duk sun samu masu saye, amma babu wadda ta zauna a kasuwa, domin na'urorin iska da na ruwa masu sauƙin kuɗi suna ba da sakamako kusa da nasu ba tare da ƙarin shan wuta ba.

Yunƙurin Intel

Gwaji mafi girma ya zo a ƙarshen 2020, lokacin da Intel ya ƙaddamar da fasahar da ya kira Cryo Cooling Technology. Ya haɗa kai da kamfanoni biyu: EK na ƙasar Sulobeniya, wanda ya fitar da EK-QuantumX Delta TEC, da Cooler Master mai MasterLiquid ML360 Sub-Zero. Farashinsu ya kama kimanin dala 350. Farantin da ke ciki babba ne, yana jan wutar da ta doshi wat 200 ta irin wayar da ake jona wa katin hoto, bayansa kuma ruwa ne da lagireto.

Sabon abin da Intel ya kawo shi ne kula. An saka na'urorin auna zafi da laimar iska, tare da manhajar da ke lissafa inda raɓa za ta fara sauka, ta riƙe sanyin a sama da wurin. Manufar ita ce firosesa ta samu damar kaiwa ƙololuwar gudunta. Core i9-10900K, alal misali, tana taɓa gigahaz 5.3 ne kawai idan zafinta bai haura digiri 70 ba.

Masu gwaji sun ga abin da lissafi ya riga ya nuna. A aiki mara nauyi, wanda ke amfani da ƙwaya ɗaya ko biyu daga cikin ƙwayoyin firosesar, sanyin ya burge, gudun ma ya ƙaru. Amma da zarar an ɗora wa dukkan ƙwayoyin aiki na tsawon lokaci, sai zafin ya fi ƙarfin farantin, fifikon ya tafi, har na'urar ruwa ta yau da kullum ta kamo shi ko ta wuce shi. Intel ya dakatar da ci gaban fasahar daga 1 ga Yulin 2023, firosesoshinsa na zubi na 14 kuma ba su samu goyon bayanta ba. Kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba.

Raɓa, babbar abokiyar gaba

Ko da an shawo kan lissafin wuta, akwai wata matsalar da ta fi haɗari. Kowa ya san yadda kwalbar lemo mai sanyi ke yin gumi da zarar an fito da ita daga firij. Ruwan daga iska yake fitowa, yana sauka a kan duk abin da sanyinsa ya kai wani mataki. Idan farantin ya saukar da firosesa ƙasa da wannan matakin, gumin zai taru a gindinta da cikin soket ɗinta mai ƙananan ƙafafu sama da dubu, da bayan babban allon kwamfutar. Ɗigo ɗaya ya isa ya haɗa wuta. Ko bai ƙona nan take ba, tsatsa za ta yi aikinta a hankali.

Matakin da raɓa ke sauka ba a tsaye yake ba, yana bin yanayi, kuma a ƙasar Hausa bambancin babba ne. A ranar hunturu mai digiri 32 da laimar kashi 15 cikin 100, sai abu ya sauka zuwa kusan digiri 2 kafin ya yi gumi. A ranar damina mai digiri 30 da laimar kashi 75 cikin 100, digiri 25 kawai ya isa. Ke nan haɗin da ya yi aiki lafiya a Janairu zai iya jiƙa allon kwamfuta a Agusta ba tare da an taɓa komai ba. Lokacin da ya fi haɗari kuma shi ne idan kwamfutar tana zaune ba aiki, domin a lokacin firosesar ba ta fitar da zafi sosai, farantin kuma yana ta sanyaya ta. Shi ya sa masu wannan harka a da suke shafe kewayen soket da man da ba ya ɗaukar wuta, su lulluɓe shi da roba mai hana iska shiga.

Akwai kuma tambayar abin da zai faru idan wani abu ya tsaya. Idan wutar farantin ta yanke kwamfutar tana aiki, ya koma bargon da aka ambata. Idan fanka ko famfon gefen zafi ya tsaya, farantin zai dafa kansa, domin dalmar da aka liƙa ginshiƙan masu arha da ita tana narkewa a digiri 138.

Batun wuta

Ga wanda ke sayen wuta da mita ko yake dogara da sola, ƙarin wat 200 ba ƙaramin abu ba ne. A awa biyar ya cinye yunit guda, ban da abin da kwamfutar kanta ke ci. Batirin inbata mai bolt 12 da amfiya-awa 200 yana ɗauke da wat-awa 2,400 a rubuce, kuma idan irin na ruwan batir ne ana ba da shawarar kada a sha fiye da rabi. Farantin shi kaɗai zai kwashe wannan rabin a awa shida. Sannan duk zafin da aka fitar cikin ɗakin zai zauna, ya ɗumama iskar da lagireton ke dogara da ita. An gudu ba a tsira ba.

Inda yake da amfani na gaske

Duk wannan bai sa farantin ya zama tarkace ba. Yana da kyau ƙwarai a inda zafin da za a kwashe kaɗan ne, ko ake buƙatar daidaita zafi daidai wa daida, ko kuma wurin ya yi wa kwamfireso ƙanƙanta. Shi ke riƙe zafin na'urorin leza da ke tura bayanai ta wayoyin gilashi na intanet. Shi ke sanyaya kyamarorin hangen taurari. Yawancin injinan gwajin PCR na asibitoci da shi suke ɗumamawa da sanyayawa cikin sauri. Ana samunsa a ƙananan firij na mota da na'urorin ruwan sha masu arha, wanda shi ne dalilin da ya sa ruwansu ba ya kai na masu kwamfireso sanyi a lokacin bazara. Ɗan uwansa mai aiki da binciken Seebeck kuwa, shi ke ba kumbunan Voyager wuta tun da aka harba su a 1977.

A fagen na'urorin hannu, wayar salula ce ta fi cin moriyarsa. Firosesar waya 'yan wat kaɗan take fitarwa ko ana buga gem mai nauyi, don haka ƙaramin faranti ya fi ƙarfinta. Black Shark da Razer suna da na'urorin da ake maƙala wa bayan waya masu wannan fasaha, haka ma AeroActive Cooler 6 na ASUS da ya fito tare da ROG Phone 6 a 2022. Suna rage zafi da gaske, musamman idan an cire rigar wayar. Abin lura shi ne a ba su wuta daga caja ko fawa-banki, kuma kada a bar su suna aiki a kan wayar da ba a amfani da ita a lokacin damina, saboda gumin da aka yi bayani.

Masu bincike ba su yanke ƙauna a kan kwamfuta ba. A 2009 wasu masana, ciki har da na Intel, sun wallafa sakamakon gwajin da suka saka wani siririn faranti a cikin murfin firosesa, daidai kan wurin da ya fi zafi, suka samu saukar kusan digiri 15 a wurin. Dabarar ita ce a sanyaya ɗigon da ke ci da wuta kawai, a bar sauran ga fanka. Abin da ke riƙe fasahar baki ɗaya shi ne sinadari. Ma'aunin ingancin da ake kira ZT ya tsaya a kusan 1 a farantan kasuwa shekaru da dama, alhali ana ganin sai ya kai 3 ko fiye kafin ya yi gogayya da kwamfireso.

To me mai kwamfuta zai yi?

Mafi yawan kwamfutocin da ke zafi a yankin nan ƙura ce matsalarsu. Bayan kowane hunturu, haƙoran ƙarfen zuƙar zafi sukan toshe, don haka buɗe kwamfuta a hure ta shi ne matakin farko. Na biyu shi ne canza man da ke tsakanin firosesa da ƙarfen, musamman a kwamfutar da aka saya ta hannu, wadda wataƙila nata ya bushe shekaru da suka wuce. Na uku, a tabbatar iska tana shiga ta gaba tana fita ta baya, a ɗaga kwamfutar daga ƙasa, laftof kuma kada a ɗora ta a kan katifa ko darduma. Na huɗu, a rage iyakar wutar firosesa ta cikin BIOS ko manhajar kamfanin, irin tsarin Eco Mode na AMD. Sau da yawa gudun da ake rasawa kaɗan ne, zafin da ake ragewa kuma mai yawa, batirin inbata ma ya huta. Idan duk an yi wannan bai isa ba, babbar na'urar iska mai hasumiya biyu ko ta ruwa mai dogon lagireto ita ce saye na gaba.

Shi kuwa farantin, wanda ya riga ya saya bai yi asara ba. Da ƙarfen zuƙar zafi na tsohuwar kwamfuta, da fanka, da ƙaramin akwatin kula, ɗalibi zai iya haɗa ɗan firij da zai sanyaya gwangwanin lemo biyu, ya kuma ga binciken Peltier da idonsa. Sharaɗi ɗaya ne: kada a taɓa ba shi wuta ba tare da an manna ƙarfe da fanka a gefen zafinsa ba, domin zai iya ƙonewa cikin ɗan lokaci. Firosesar kwamfuta dai a bar ta da fankarta, kada garin neman gira a rasa ido.